Daƙiƙa Ashirin: Tarihin Gargaɗi a Inda Titi Ya Ratsa Dogo, da Abin da Ke Jiran Dutse

Garin Dutse bai taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba. Lokacin da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa dogo a ƙasar da a yau ake kira Jigawa, ta arewa suka bi da shi, suka bar Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu ga jaki da raƙumi, daga baya kuma ga mota. Ko da aka ƙirƙiri jihar a ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse fadar gwamnatinta, titin kwalta ne kaɗai ya haɗa ta da sauran ƙasa. Sai a watan Fabrairun 2021, da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kwangilarsa a kan kuɗi kusan dala biliyan 2, sannan sunan Dutse ya shiga taswirar jirgi. Babban layin zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, sannan akwai reshe mai tsawon wajen kilomita 100 da zai taso daga Kano ya ƙare a Dutse.

Ana yawan magana a kan amfanin wannan reshe: hatsin da zai ɗauka, da riɗi da zoɓo, da fasinjan da zai huta da cunkoson Wudil. Abin da ba a cika tattaunawa a kansa ba shi ne abin da zai faru a duk inda wannan ƙarfe ya gitta hanyar da mutane suka saba bi tun kaka da kakanni. A nan ne ake mutuwa. Kuma tambayar yadda za a sanar da mai tafiya a titi cewa jirgi na tafe, tsohuwar tambaya ce da ta kusa cika shekara 200, wadda amsarta ta taso daga bakin mai gadi, ta koma kan sanda a gefen hanya, yanzu kuma ake ƙoƙarin shigar da ita cikin motar kanta.

Layin Nguru

Dogo ya iso Kano a shekarar 1911, daga Baro a bakin Kwara, bayan aikin shekara huɗu da aka soma a zamanin Gwamna Percy Girouard. Da yawa daga cikin waɗanda suka haƙa ƙasar suka ɗauki jingar, talakawa ne da aka ɗebo ta hannun sarakuna, ba da son ransu ba. Turawa sun yi aikin ne da kwaɗayin auduga, don masaƙun Ingila, amma manoman ƙasar Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Cikin 'yan shekaru gyaɗar ta cika tashar Kano, ita ce kuma ta ja dogon zuwa gabas. Layin da ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya isa Nguru a 1930, tafiyar kimanin kilomita 230.

Wannan layi ya sauya taswirar yankin fiye da yadda ake tunawa. Bai shiga Haɗeja ba, don haka Malam Madori ta zama ƙofar kasuwancin masarautar, kamfanonin sayen gyaɗa da fatu suka kafa kantuna a bakin tasha, baƙi daga kudu suka zo suka zauna. Haka Gagarawa ta zama wa ƙasar Gumel. Mutanen waɗannan garuruwa sun tashi da jirgi a kunnensu, suna sanin lokacinsa kamar yadda suka san lokacin salla.

Jirgin wancan zamani kuwa mai sauƙin kaucewa ne. Faɗin dogon ƙafa uku da rabi ne, kan jirgin na kwal ne, yana tafe yana huci yana turnuƙe sama da hayaƙi, kuma ba ya gudun a zo a gani. A fili irin na Ringim zuwa Birniwa, mai jaki yakan hango hayaƙin tun jirgin yana da nisa, ya ji ƙarar a ƙasa kafin ya gan shi. Abokan hanyarsa ma masu tafiya a hankali ne, kunnuwansu a buɗe. Inda hanya mai yawan jama'a ta ratsa dogo, akan sa geti da mai gadi mai tuta. A daji kuwa allo ne kawai, sai usur ɗin direba. Tsarin ya wadatar, domin kowa yana gani kuma yana ji.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya kasuwar, arzikin mai ya karkata hankalin gwamnati ga titi, tirela ta ƙwace kayan da jirgi ke ɗauka. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, ta yi ta rarrafe, har aka ɗauko kamfanin Indiya ya riƙe ta daga 1979 zuwa 1982, ba a ga wani sauyi mai ɗorewa ba. Jirgin Nguru ya zama na jefi-jefi. Nan kuma wani haɗari na daban ya ɓullo, wanda masana harkar suka daɗe da saninsa: mahaɗar da jirgi ba ya yawan bi ta fi ruɗar direba. Wanda ya tsallaka wuri sau ɗari bai ga komai ba, a na ɗari da ɗaya ba zai waiga ba. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, ko da yake a nan ba wawa kaɗai yake ɗaurewa ba, har da mai hankali.

Daga ƙaho zuwa lantarki

A Ingila, inda jirgin ƙasa ya fara, matsalar ta bayyana tun ranar farko. Ana ba da labarin cewa a 1833 wani kan jirgi mai suna Samson, a layin Leicester zuwa Swannington, ya banke keken doki mai ɗauke da ƙwai da man shanu a wata mahaɗa, domin ƙahon da direban yake busawa da baki bai kai kunnen mai keken ba. Daga nan aka ƙera ƙaho mai aiki da tururin injin, wanda shi ne kakan usur ɗin da aka sani. Dokokin majalisar Birtaniya na 1839 da 1842 suka tilasta wa kamfanonin jirgi su sa geti da mai gadi a inda dogo ya ratsa babbar hanya, har aka riƙa gina wa mai gadin ɗan gida a wurin don ya kwana da iyalinsa. Wannan tsari ne Turawa suka kawo mana.

Mai gadi yana da abin da babu na'urar da take da shi: yana ganin amalanken da ƙafarsa ta maƙale, ya ruga da jar tuta ya tare jirgi. Amma ɗan'adam ne, yana gajiya, yana barci, albashinsa na iya makara. A watan Nuwambar 2012, a Manfalut ta ƙasar Masar, jirgi ya murƙushe motar 'yan makaranta a mahaɗar da aka bar getinta a buɗe, yara kusan 50 suka rasu, hukumomi kuma suka ce mai gadin barci yake yi. Irin wannan ne, haɗe da tsadar biyan dubban masu gadi, ya sa tun ƙarni na 19 ake neman hanyar da jirgi zai sanar da zuwansa da kansa.

Wanda ya buɗe wannan ƙofa shi ne William Robinson, wanda a 1872 ya yi rajistar wata dabara a Amurka. Dabarar ta cancanci a tsaya a kanta, domin duk abin da ya biyo baya a kanta ya ginu. Ana ware wani yanki na dogo, a sa batir a ƙarshe ɗaya, wutar ta bi ta ƙarfe ɗaya ta isa wani makunni a ɗaya ƙarshen, ta dawo ta ɗaya ƙarfen. Muddin wutar tana zagayawa, makunnin yana riƙe, alamar hanya a buɗe take. Da zarar jirgi ya hau yankin, ƙafafunsa na ƙarfe da sandar da ta haɗa su sai su haɗe ƙarafan biyu, wutar ta yanke hanya ba ta isa makunnin ba, makunnin ya saki, ƙararrawa ta ɗauka. Hikimar tana nan: idan batir ya mutu, ko waya ta tsinke, ko ƙarfen dogo ya karye, makunnin zai saki kamar jirgi ne ya zo. Wato lalacewar na'urar gargaɗi take haifarwa, ba shiru ba. Gara ta tsayar da mutane alhali babu jirgi da ta bar su su wuce alhali yana tafe.

A kan wannan aka ɗora ƙararrawa, sannan faifan da ke lilo a kan sanda wanda wani injiniya, Albert Hunt, ya ƙera a 1909 a kudancin Kalifoniya, sannan jajayen fitilu biyu masu ƙyaftawa, sannan shinge mai sauka da kansa. A shekarun 1960 aka samo na'urar da ke auna saurin jirgin ta lissafa lokacin isowarsa, don kada a tsare mutane minti biyar saboda jirgin kaya mai jan ciki, har su ƙosa su kewaye shingen. Dokar Amurka a yau ta ce dole gargaɗin ya fara aƙalla daƙiƙa 20 kafin jirgi ya iso mahaɗa.

Daƙiƙa 20 ta ishi ƙaramar mota. Ba ta ishi kowa ba. A ranar 6 ga Janairu, 1968, a ƙauyen Hixon na Ingila, wata doguwar mota mai ɗauke da taransifoma mai nauyin tan 120 ta hau wata mahaɗa mai shinge na zamani, tana tafiyar da ba ta wuce ta mai tattaki ba, 'yan sanda na yi mata rakiya. Shingen yana ba da daƙiƙa 24, motar kuwa tana buƙatar kusan minti guda ta tsallake. Akwai tarho a wurin don masu irin wannan kaya su nemi izini, amma babu wanda ya ɗaga shi, domin ba a wayar musu da kai yadda ya kamata ba. Jirgin fasinja ya taho a guje ya dake ta, mutum 11 suka mutu. Binciken da aka yi ya nuna cewa an cire mai gadi an sa na'ura, amma an manta cewa mai gadin ne yake lura da baƙon kaya irin wannan. Duk wanda ya taɓa ganin tirela maƙare da buhuna tana numfarfashi a kan ɗan tudu a hanyar Shuwarin, ko garken shanu ɗari yana ratsa titi ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari, zai gane cewa labarin Hixon ba na Turawa kaɗai ba ne.

Me ya sa aka koma cikin mota

Abu uku suka haɗu suka raunana gargaɗin gefen hanya. Na farko, jirgi ba ya tsayawa: dogon jirgin kaya mai gudun kilomita 90 a awa yana iya cin fiye da kilomita ɗaya da rabi bayan an taka birki, kuma ba shi da sitiyarin kaucewa. Na biyu, ido yana yaudara. Wani masanin halayyar ɗan'adam, Herschel Leibowitz, ya yi bayani a 1985 cewa babban abu yakan yi kamar yana tafiya a hankali fiye da ainihin gudunsa, shi ya sa direba yake ganin zai riga jirgi. Na uku, motar zamani ta toshe kunnen direba: gilashi a rufe, iska mai sanyi tana hurawa, rediyo na yi. Usur ɗin da aka ƙera don mai keken doki ba lalle ya shiga irin wannan ɗaki ba.

Maganin farko na wannan matsala ba shi da waya ko batir. A watan Disambar 1938, a jihar Utah ta Amurka, cikin guguwar ƙanƙara, direban motar 'yan makaranta ya tsaya a bakin dogo kamar yadda doka ta ce, ya duba bai ga komai ba, ya hau. Jirgin kaya ya ɗauke motar, fiye da mutum 20 suka mutu. Daga nan aka ƙara wa dokar cewa direban irin wannan mota ya tsaya, ya buɗe ƙofa da taga, ya saurara, kafin ya wuce. Har gobe haka ake yi a can.

Gwajin na'urori kuwa ya kankama ne a shekarun 1990. A garin Glencoe na jihar Minnesota an sa wa motocin makaranta akwati mai karɓar saƙon rediyo daga mahaɗa, ya haska wa direba alama. A arewacin Chicago an gwada irinsa a motoci kusan 300 da mahaɗu biyar. Abin da aka koya daga gwajin Chicago ya fi na'urar kanta daraja: akwatin yakan yi ƙara alhali babu jirgi, wani lokaci kuma a titin da bai ma ratsa dogo ba, sai direbobi suka rage amincewa da shi. Ƙararrawar da ta cika ƙarya, ranar da ta faɗi gaskiya babu mai kula ta.

A Ostireliya, inda ake da dubban mahaɗu a karkara da babu komai sai allo, haɗarin Kerang na watan Yunin 2007 ne ya zaburar da su, lokacin da babbar mota ta soki cikin jirgin fasinja, mutum 11 suka mutu. Bayan haka jami'ar La Trobe ta jagoranci gwajin da jirgi da mota suke magana kai tsaye ta gajeren zangon rediyo, kowanne yana faɗin inda yake da saurinsa, na'urar cikin motar ta lissafa ko za su haɗu. An kuma gwada hanyar katse rediyon da direba yake saurara a jefa masa sanarwa. A Turai, wani shiri na Tarayyar Turai da ya gudana daga 2017 zuwa 2020 ya gwada abin a birnin Tasalonika na Girka, inda direbobin tasi suke samun sanarwa a allon da ke motarsu idan sun tunkari mahaɗa, tare da ƙiyasin lokacin isowar jirgi.

Ta wani ɓangaren kuma, waya ta shigo da nata. A watan Fabrairun 2015, a Oxnard ta Kalifoniya, wani direba da ke bin umarnin taswirar wayarsa da duhun asuba ya karya kwana ya hau kan dogo yana zaton titi ne. Jirgi ya daki motar ya kauce daga layi, direban jirgin ya rasu daga baya. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar ta buƙaci Google da Apple da sauran masu taswira su saka wuraren mahaɗu a manhajojinsu. A 2020 manhajar Waze ta fara yin hakan. Sai dai a lura da bambancin: wannan tana faɗa wa direba cewa akwai dogo a gabansa, ba ta faɗa masa ko jirgi na tafe. Allo ne aka ɗauke daga gefen titi aka sa a waya.

Bayan shekara 30 ana gwaji, har yanzu na'urar cikin mota ba ta maye gurbin fitila da shinge ba a ko'ina. Ƙari ake ɗaukar ta, kuma dalilin yana komawa ga William Robinson. Na'urarsa in ta lalace sai ta yi ihu. Waya kuwa in cajinta ya ƙare, ko ta rasa sabis, ko datarta ta ƙare, sai ta yi shiru, kuma direban da ya saba dogara da ita zai fassara shirun da cewa hanya lafiya lau. Sannan gargaɗin yana amfanar motar da aka sa wa na'urar kaɗai, alhali fitila ɗaya a bakin dogo kowa yake gani. Ga kuma tambayar da lauyoyi ba su gama warwarewa ba: in saƙo bai iso ba aka mutu, wa za a kama, hukumar jirgi, ko kamfanin waya, ko mai manhaja?

A kan hanyar Dutse

Sabon dogon da ake shimfiɗawa mai faɗin mita 1.435 ne, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da na Legas zuwa Ibadan na 2021, waɗanda aka tsara don gudun da tsohon layin Nguru bai taɓa mafarkinsa ba. Lissafin mai sauƙi ne. Jirgi mai gudun kilomita 40 a awa yana cin mita 11 a daƙiƙa guda. Mai gudun 100 yana cin kusan mita 28, wato a cikin daƙiƙa 20 ya shafe fiye da rabin kilomita. A tsakiyar hunturu, ranar da hazo ya sauka sosai har jiragen sama suka kasa sauka a Kano, ido ba ya kai wa can. Da damina kuma dawa da gero sukan yi tsawon da za su rufe wa mai babur gabas da yamma har sai ya hau kan ƙarfen.

Sai a tambaya: su wane ne za su riƙa tsallaka wannan layi? Akwai tireloli da tankoki da motocin haya na hanyar Kano zuwa Maiduguri, amma waɗannan su ne suka fi samun kariya, domin babbar hanya ita ake fara yi wa gadar sama. Mafi yawan masu tsallakawa za su kasance ɗan acaɓa da buhu biyu a bayansa, da mai Adaidaita Sahu, da mai amalanken shanu da ya ɗebo taki, da yaro mai kora awaki, da makiyayi a burtali, da mata masu zuwa biki ƙauyen da ke hayi. Babu ɗayansu da yake da allon mota. Da yawa wayarsu ƙarama ce ta kira da sauraron rediyo. Kuma manomin da dogo ya raba gidansa da gonarsa ba zai yi zagayen kilomita uku zuwa gada ba. Zai fasa tasa hanyar, maƙwabta su bi, cikin damina biyu ta zama turba. Irin waɗannan mahaɗu da jama'a suke yi wa kansu ba sa cikin kowace taswira, don haka babu manhajar da za ta yi gargaɗi a kansu.

Na'urar Robinson ma tana da nata maƙiyan a ƙasa irin tamu. Tsatsa da yashi a kan ƙarfen da jirgi ba ya yawan bi suna iya hana ƙafafun jirgi haɗa wutar, shi ya sa a wurare da dama aka koma ga na'urar da ke ƙirga ƙafafun jirgi a shiga da fita. Ga ɓarayin waya da batir da faifan sola, waɗanda hukumar jiragen ƙasa ta daɗe tana kuka da irinsu a layukanta. Shingen da aka sace batirinsa, in an ƙera shi bisa ƙa'ida, zai sauka ya tsaya a rufe. Kwana biyu mutane za su ɗaga shi su ɗaure da igiya, daga ranar kuma ya zama ado.

Indiya ta sha fama da wannan, kuma ita ce ta fi kama da mu. Ta yi gwajin sa wa kawunan jirage na'urar tauraron ɗan'adam da za ta kunna jiniya a mahaɗa, ta kuma ɗauki mutanen ƙauye aikin tsayawa a bakin dogo suna ankarar da masu wucewa. Duk da haka a watan Afrilun 2018, a Kushinagar, jirgi ya daki motar 'yan makaranta a mahaɗar da ba ta da geti, yara 13 suka rasu, aka ruwaito cewa direban ya toshe kunnuwansa da abin sauraron waƙa. Abin da ƙasar ta yi a ƙarshe shi ne ta bi mahaɗun manyan layukanta ɗaya bayan ɗaya, wasu ta rufe, wasu ta haƙa musu hanya ta ƙarƙashi, sauran ta sa musu geti da ma'aikaci, har ta sanar a farkon 2019 cewa ta gama da marasa mai gadi a waɗannan layuka.

Mu ma muna da namu darasin, kuma bai tsufa ba. A safiyar 9 ga Maris, 2023, a mahaɗar PWD da ke Ikeja, motar bas mai ɗauke da ma'aikatan gwamnatin Legas ta hau dogo jirgi na tafe. Mutum shida suka mutu, gommai suka jikkata. Hukumomi sun ce masu tuta suna wurin suna tsayar da motoci, direban ya ƙi tsayawa. Ba rashin sanarwa ba ne ya kashe mutanen nan, don haka da wuya a ce ƙarin ƙara a cikin motar zai cece su. Abin da Legas ta dogara da shi a wannan layi shi ne gadojin sama, irin waɗanda ta buɗe a Yaba da Ikeja a ƙarshen shekarar.

A ganina, gurbin na'urar cikin mota a Jigawa ƙarami ne, amma na gaske ne. Ya dace da motocin da haɗarinsu ya fi muni kuma suke da wanda za a riƙe da alhaki: tankokin mai, da tireloli, da motocin makarantu da na ma'aikata. Jihar da ta ga abin da tankar mai ɗaya ta yi a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka ƙone, ba ta buƙatar a kwatanta mata abin da zai faru in jirgi ya daki irinta. Manyan kamfanonin dakon kaya da dama sun riga sun sa wa motocinsu na'urar bin diddigi, kuma sanin inda jirgi yake a layi guda ɗaya mai 'yan jirage a yini ba abu ne mai wuya ba. Haɗa biyun aiki ne na yarjejeniya fiye da na fasaha.

Sauran aikin kuwa na ƙasa ne, kuma lokacinsa shi ne kafin jirgin farko ya taso. A zauna da dagatai da masu unguwanni da ardo-ardo a bi layin ƙafa da ƙafa, a rubuta kowace turba da kowane burtali, a tantance inda za a huda hanya ta ƙarƙashi mai faɗin da amalanke da garke za su wuce, domin huda ta bayan an gama jinga ya ninka tsada. Inda dole titi ya hau dogo, a daidaita tudun yadda cikin tirela ba zai dafe ba, a sare abin da ke tare gani, a sa geti da mai gadi ɗan garin da ake biya a kan kari, a ba shi hanyar magana da tasha. Dokar nan da ta biyo bayan haɗarin 1938 kuma, ta tsayawa cak a sauke gilashi a kashe rediyo a saurara, ba ta buƙatar kwangila: Hukumar Kiyaye Haɗurra da shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Dutse da Shuwarin da Kiyawa suna iya fara koyar da ita tun yanzu. A Ringim da Malam Madori akwai dattawan da suka yi aikin reluwe, waɗanda suka san nisan da jirgi ke ci kafin ya tsaya da yadda ƙarfe ke amsawa tun jirgin bai bayyana ba. Su ya kamata a ɗauko su zaga makarantun ƙauyukan da sabon layin zai ratsa.